Mizani a Gareji: Abin da Ke Sa Inji Karkarwa Bayan An Ɗaure Shi

Duk wanda ya ƙetare gadar Kogin Kaduna ya nufi kudu, ya ratsa Makera ya dangana da Kakuri, zai fahimci cewa wannan yanki, tun kafin a haifi akasarin masu kai-komo a cikinsa yau, ƙasa ce ta ƙarfe da injuna. Gama a nan ne tashar jirgin ƙasa take, inda dogon da ya taso daga Ikko ya sadu da wanda ya fito daga Fatakwal, a nan aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a 1957 zamanin gwamnatin Sardauna, a nan aka kafa ma'aikatar ƙera makamai a 1964, sa'an nan a 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa mota ƙirar 504, wadda ba da jimawa ba ta zama abin hawan kwamishina da ɗan kasuwa da direban tasha baki ɗaya. Yawancin masaƙun sun yi shiru, ita kanta Kaduna Textiles tun 2002 aka rufe ƙofarta, amma ƙarar guduma da warin baƙin mai ba su bar unguwar ba, domin a gareji-garejin bakin titi, ƙarƙashin inuwar bishiya ko ta rumfar kwano, kullum ana sauke inji a warware shi har zuwa notinsa na ƙarshe, a sake ɗaure shi, a mayar da shi cikin mota ya ci gaba da nema wa iyali abinci.

Wannan sana'a ta ɗaurin inji babbar rahama ce ga talaka, ba kuwa don sha'awa ta bunƙasa ba, larura ce ta raine ta. Tun da darajar naira ta fara zubewa a 1986, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, sabon kayan gyara na ainihi ya yi wuyar samu, aka koma ga na hannu da ake kira tokumbo ko Beljiyam, da kuma sababbi na kamfanoni barkatai waɗanda wasunsu nagari ne, wasu kuwa sai dai a yi shiru. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a yau ka tarar da inji guda wanda bulok ɗinsa na asali ne, karanshaf ɗinsa an ciro shi daga wata motar da ta yi haɗari an saye shi a Panteka, fistin uku tsofaffi na huɗun sabo daga Nnewi, kwanrod ɗaya an aiko shi daga Ƙofar Ruwa a Kano, filawil kuwa daga Ladipo ta Ikko. Kowanne ya shiga gurbinsa, kowane noti ya ɗauru, amma ba su taɓa zama gida ɗaya ba sai ranar da bakanike ya tara su a kan buhu.

Mas'alar da za mu tattauna ita ce wadda kan biyo bayan irin wannan ɗaurin. Mai mota ya biya kuɗin kaya da na aiki, an tayar da inji, hayaƙi ya ɗauke, ƙwanƙwasar da ta sa aka sauke shi ta tafi, amma da ya hau titi ya taka totur sai ya ji sitiyari yana kaɗa masa hannu, madubi yana rawa har ba ya iya tantance motar da ke binsa, sandar giya tana ɓari, wani gunji kuma yana tasowa daga ƙarƙashin kujera wanda bai san motarsa da shi ba. In ya koma gareji, amsar da ya fi samu ita ce, "Sabon ɗauri ne, Alhaji, a bari ya sha hanya, zai zauna." A cikin wannan magana akwai gaskiya, akwai kuma ruɗi. Gaskiyar ita ce sabon ringi yana bukatar tafiya kafin ya kwanta sosai a jikin silinda. Ruɗin kuwa shi ne zaton cewa tafiya tana rage wa ƙarfe mai nauyi nauyinsa ko ta ƙara wa marar nauyi, alhali fistin da ya fi 'yan'uwansa da giram 20 ranar da aka ɗaura shi, haka zai ci gaba da fin su har ranar da injin zai buga.

Mai karatu zai iya cewa, mene ne giram 20 a jikin injin da ƙarti huɗu ke nishi kafin su ɗaga shi? Wanda ya taɓa tsaron gona da majajjawa ya riga ya san amsar a hannunsa, ko da bai san ta a takarda ba: tsakuwar da ba ta kai komai ba a tafin hannu, da zarar an wulwula ta sai a ji tana jan damtse, kuma gwargwadon saurin wulwulawar gwargwadon tsananin jan. Masana lissafi sun ƙayyade wannan ƙa'ida filla-filla, suka nuna cewa ƙarfin jan yana ƙaruwa daidai da nauyin abin da kuma nisansa daga cibiya, amma game da sauri al'amarin ya fi haka muni, domin in gudu ya ninka sau biyu jan yakan ninka sau huɗu, in ya ninka sau uku jan ya ninka sau tara. A ɗauki rarar giram 10 kacal a gefen filawil, santimita 15 daga tsakiya. Lokacin da inji yake silo, yana juyi 750 a minti, jan da take yi bai cika kilo ɗaya ba, mai mota ba zai ji komai ba; a juyi 1,500 ya kusa kilo 4; a juyi 3,000, wanda shi ne abin da ƙaramar mota kan yi a kan hanyar Abuja ko ta Zariya, ya kai kilo 15, kuma wannan jan yana kewaya inji sau 50 a kowace daƙiƙa, ya fizge shi sama, ya fizge shi gefe, ya danna shi ƙasa; a juyi 6,000 kuwa ya zama kilo 60, wato fiye da buhun siminti.

Shi fistin ba kewaya yake yi ba, hawa da sauka yake, amma hukuncinsa bai fi sauƙi ba, domin a kowane juyi sai ya tsaya cik sau biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, ya juya da gudu. A injin Peugeot 504, inda tafiyar fistin daga ƙasa zuwa sama milimita 81 ce, idan inji yana juyi 3,000 a minti, ƙarfin da ake bukata a tsayar da fistin a ƙololuwa a dawo da shi ya haura nauyinsa sau 400. Ke nan waccan rarar giram 20 da aka raina ta zama kilo 8 da ɗoriya, tana dukan metal sau da yawa a daƙiƙa fiye da yadda harshe zai iya ƙirgawa. Hikimar da masu ƙera inji mai silinda huɗu suka yi ita ce su sa fistin na ɗaya da na huɗu su hau tare a daidai lokacin da na biyu da na uku suke sauka, domin fizgar masu hawa ta kashe ta masu sauka. Amma wannan sulhu yana da sharaɗi guda wanda in ya faɗi komai ya faɗi, shi ne huɗun su kasance nauyinsu ɗaya.

A nan ne bambancin kamfani da gareji yake, kuma ba bambancin basira ba ne, domin a cikin kanikawanmu akwai wanda da kunne kawai zai faɗa maka bawul ɗin da ke kuka. Bambancin na kayan awo ne da al'ada. A masana'anta ba a ɗaukar fistin huɗu daga kwando a zuba a inji, sai an auna su an rarraba su aji-aji. Haka kwanrod, ana auna shi a buga masa alama, kuma murfin kowane kwanrod tare da jikinsa aka huda su, ba a musanya shi da na wani. Karanshaf ana ɗora shi a kan na'ura a juya shi, inda ya yi nauyi a huda shi a rage, shi ya sa duk wanda ya duba kumatun karanshaf ko gefen filawil zai ga 'yan ramuka marasa tsari waɗanda yaran gareji kan ɗauka ado ne ko kuskure. Tsofaffin kanikawan 504 sun san cewa fistin da hannun rigarsa, wato silindar da ake zarewa daga bulok, da fil da ringi, a kwali ɗaya suke zuwa a matsayin saiti. Garejinmu kuwa ya gaji rabin wannan ilmi ya bar rabi: ana kula da girma matuƙa, a kai karanshaf wurin masu yanka a rage shi da rubu'in milimita ko rabinta, a nemo metal daidai da yankan, a gwada ko fistin ya shiga silinda ba tare da ya kama ko ya yi lako-lako ba, amma da wuya ka shiga gareji ka ga sikeli. Ana tambayar ƙarfe ko ya shiga, ba a tambayarsa nawa ya yi a mizani.

Ƙofofin da saɓanin nauyi ke shigowa ta cikinsu suna da yawa, amma wadda ta fi kowacce faɗi ita ce canza fistin ɗaya ko kwanrod ɗaya a bar sauran. Mai mota ba shi da kuɗin saiti, guda ɗaya ne ya fashe, sai a aiki yaro kasuwa da tsohon a hannu ya nemo irinsa, ɗan kasuwa ya jera su ya ga tsawo ɗaya faɗi ɗaya, ciniki ya faɗa. Kama da wane kuwa ba ta wane: kamfani ɗaya yakan yi shekaru yana fitar da inji da suna ɗaya alhali ya sauya kaurin fil ko siffar kwanrod a tsakani, balle kuma fistin da wani kamfani dabam ya kwaikwaya da nasa narkakken ƙarfen. Akwai kuma karanshaf da aka yi wa walda aka cike inda ya cinye, wanda zafin waldar kan lanƙwasa shi kaɗan yadda ido ba ya gani. Da filawil na wani injin da ramukan notinsa suka dace. Da faifan kuloci da aka mayar ba a kan alamarsa ba. Da fulin gaban karanshaf, wanda a motoci da yawa ƙarfe biyu ne da roba a tsakaninsu don shanye murɗawar karanshaf, in robar ta tsufa zoben waje ya zame, ko kuma a maye gurbinsa da dunƙulallen ƙarfe a ce ai duk fuli ne.

Kada a zaci mu kaɗai wannan ke samu. A Amurka, inda kayan gyara suke a wadace, akwai sanannen tarko a injin Ford mai silinda takwas da ake kira 302. Shi wannan inji da gangan aka bar wani kaso na daidaitonsa a waje, wato aka sa wa filawil da fulin gaba rarar nauyi a gefe ɗaya domin su cike abin da kumatun karanshaf suka gaza. Har zuwa 1980 wannan rara tana da wani adadi, daga 1981 kamfanin ya ƙara ta kusan ninki biyu, alhali filawil ɗin da da na bayan duka suna ɗauruwa a karanshaf ɗaya. Wanda ya haɗa tsohon filawil da sabon karanshaf, tamkar ya liƙa ƙarfe mai nauyin giram 100 ne a gefen filawil, ninki goma na misalin da muka yi a baya, kuma shekara arba'in da wani abu ke nan kanikawan can suna faɗawa wannan rami. Darasin da ke ciki ga mai Toyota ko Honda ko Golf a Makera shi ne filawil da fuli ba kayan ado ba ne da ake ɗauka daga kowane tari, wani yanki ne na lissafin injin da aka ƙera su dominsa.

Akwai kuma wata illa da ta keɓanta da motocin da suka cika titunanmu a yanzu, wadda tsofaffin kanikawan 504 ba su gamu da ita ba a zamanin koyonsu. Inji mai silinda huɗu, ko da fistin ɗinsa sun daidaita har ƙwayar giram, yana da wata karkarwa ta asali da ba ta rabuwa da shi, saboda karkatar kwanrod tana sa fistin ya fi sauri a rabin tafiyarsa na sama fiye da rabin ƙasa, don haka masu sauka ba sa kashe fizgar masu hawa gaba ɗaya, sai a sami saura da ke bugawa sau biyu a kowane juyi. A ƙaramin inji ana jure ta, amma in ya haura lita biyu takan dami mai tuƙi. Wani injiniya Bature ɗan Ingila, Frederick Lanchester, shi ya fito da maganinta tun farkon ƙarni na 20: sanduna biyu masu nauyi a gefe ɗaya, suna juyawa da ninkin gudun karanshaf, ɗaya dama ɗaya hagu, domin su haifar da karkarwar da za ta ci karo da ta injin su kashe juna. Kamfanin Mitsubishi na Japan ya farfaɗo da dabarar a tsakiyar shekarun 1970, yau kuwa tana cikin injin Toyota Camry mai lita 2.2 da mai lita 2.4, da na wasu Honda Accord masu silinda huɗu. To, waɗannan sanduna suna da nasu taimin, da alamominsu. In bakanike ya daidaita taimin bawul ya manta da nasu, maimakon su kashe karkarwa sai su iya tara tasu a kan ta injin. Mota za ta tashi lafiya, ta yi silo lafiya, amma da allura ta haura juyi 3,000 sai gaban mota ya ɗauki zuga. Wannan aibi sau da yawa ba ya bukatar sayen ko da noti ɗaya, buɗewa ne a mayar da alama kan alama.

Sai dai kafin a yanke wa kayan ciki hukunci wajibi ne a yi bincike, gama sake sauke inji ba wasa ba ne, kuma karkarwa tana da sabubba da yawa da ba su shafi nauyi ba. Hujja ta farko ana samunta ne mota tana tsaye: a sa giya a furi, a taka totur a hankali daga silo zuwa sama. In a tsaye inji lafiya lau yake, sai an kama gudu karkarwa ke zuwa, to a bar inji ya huta, a nemi laifin a taya ko furofela ko shaf. In kuwa yana karkarwa a tsaye, sai a lura da halinta. Wadda ta fi tsanani a silo, inji yana tangaɗi, amma tana lafawa in an ba shi wuta, galibi ta rashin ƙonewar mai ce a silinda ɗaya, ko fulogi, ko koyil, ko nozul, ko wayoyin da aka saɓa wa jerinsu na 1-3-4-2, ko bawul da bai rufe ba. Gwajin matsin silinda zai bayyana wannan, domin bai kamata wata ta gaza wata da fiye da kamar kashi 10 cikin 100 ba. Ta rashin daidaiton nauyi kuwa akasin haka take, a silo tana ɓoye, tana ƙaruwa da ƙaruwar juyi, kamar yadda lissafin da ya gabata ya nuna. Daga nan a cire fanbel na ɗan lokaci kaɗan a sake gwadawa, don a wanke fanka da altaneta da kwamfuresar iyakwandishan daga zargi. A taka kuloci a ji ko ta sauya. A duba kujerun inji ko robarsu ta tsage ko an ɗaure su a karkace lokacin mayarwa. A leƙa ƙarƙashi ko salansa tana taɓa jikin mota. Abin takaici ne a farke inji saboda salansa, amma ana yi.

Zamani ya kawo wani shaida da ba a biyansa. Wayoyin hannu na yanzu suna da abin da ke jin motsi a cikinsu, akwai kuma manhajojin da ke nuna sau nawa abu ke kaɗawa a daƙiƙa. In aka riƙe inji a juyi 1,500, wato juyi 25 a daƙiƙa, aka ga karkarwar da ta fi ƙarfi tana kan 25, to abu ne mai kewayawa tare da karanshaf ko fistin da ya saɓa wa 'yan'uwansa. In tana kan 50, a tuhumi sandunan daidaito ko kujerun inji. In kuwa tana wajen 12 ko 13, silinda ɗaya ce ba ta aiki kamar sauran, domin kowace silinda sau ɗaya take tashi a juyi biyu. Ba awon ɗakin bincike ba ne, amma ya fi rantsuwa da musu a bakin gareji.

Idan bincike ya tabbatar da cewa cutar tana ciki, to magani shi ne abin da ya kamata a yi tun farko, kuma rabinsa bai fi ƙarfin kowane gareji ba. Ƙaramin sikelin lantarki mai nuna giram ɗaya-ɗaya, irin wanda ake samu a kasuwa, kuɗinsa bai kai na saitin gaskit ba. A wanke fistin huɗun tas, domin gawayin da ya daskare a kan tsoho shi ma nauyi ne, a auna kowanne da fil ɗinsa, a rubuta. Marar nauyin cikinsu shi ne limami, sauran su za su bi shi, tun da rage ƙarfe ake iya yi, ba ƙarawa ba. Sau da yawa kafin a taɓa komai da magagari, musanya kawai takan isa, a ba fistin mafi nauyi fil mafi sauƙi. Abin da ya saura sai a rage shi kaɗan-kaɗan daga kaurin da ke ƙarƙashin gidan fil a cikin fistin, ba daga kansa ba inda wuta ke ci, ba kuma daga tsagin ringi ba, har sai tazarar da ke tsakaninsu ta dawo giram ɗaya ko biyu. Amma in tazarar ta kai giram 15 ko 20, wannan fistin ba ɗan gidan ba ne, gara a mayar da shi kasuwa da a sassaƙe shi har ya raunana.

Kwanrod ya fi fistin wuyar sha'ani, domin shi mai fuska biyu ne: babban kansa yana kewayawa tare da karanshaf, ƙaramin kansa yana hawa da sauka tare da fistin. Saboda haka kwanrod biyu suna iya yin nauyi ɗaya a jimla alhali sun saɓa a rabo, ɗaya nauyinsa ya taru a sama, ɗaya a ƙasa. Hanyar awonsa ita ce a kwantar da shi a miƙe, a rataye kai ɗaya a kan wani abu da ba ya riƙe shi, ɗaya kan ya hau sikeli, a auna manyan kawuna a daidaita su, sa'an nan a koma ga ƙanana. Masu ƙira sukan bar ɗan tudun ƙarfe a ƙarshen murfi da kan ƙaramin kai musamman don wannan ragi, daga nan ake gogewa. Amma gangar jikin kwanrod haramun ce ga dutsen guga, gama zane ɗaya a wurin yana iya zama mafarin tsagewa, kwanrod kuwa in ya karye ba ya fita sai ta bangon bulok.

Filawil ana iya yi masa gwaji na farko ba tare da na'ura ba, kuma dabarar tsohuwa ce ƙwarai. Injiniyan nan Musulmi, Al-Jazari, wanda ya yi wa sarakunan Diyarbakir hidima ya kuma kammala littafinsa na na'urori a 1206, ya bayyana yadda ake daidaita ƙafar juyi ta hanyar ɗora ta a bar ta ta juya da kanta a ga ɓangaren da ke rinjaya. Haka ake yi har yau: a zura sanda madaidaiciya a tsakiyar filawil, a ɗora ta a kan ƙarafa biyu masu kaifin baki da aka shimfiɗa daidai, a sake shi; in kullum wuri ɗaya ne ke komawa ƙasa, nan ne rarar take. Amma wannan gwaji yana da iyaka, kuma iyakarsa ita ce karanshaf. Abu mai tsawo yana iya samun rara a gabansa ta sama da wata rarar daidai da ita a bayansa ta ƙasa. A kan ƙarafan nan zai zauna shiru kamar mumini, amma da ya fara gudu sai gaba ya ja sama baya ya ja ƙasa, inji ya riƙa sunkuyo da ɗagowa. Wannan sai na'urar da ke juya shi tana auna kowane ɓangare dabam, irin aikin da na'urar balansin taya take yi, wadda kowane direba ya ga yadda take nuna inda za a maƙala dalma ciki da waje. Kamfanin Schenck na birnin Darmstadt a Jamus ya fi shekara ɗari yana ƙera irin waɗannan na'urori. Ƙa'idar aikin ita ce a fara da karanshaf shi kaɗai, a ɗaura masa filawil a sake juyawa, sa'an nan faifan kuloci, kowane mataki a gyara sabon da aka ƙara, a ƙarshe a buga musu alama don kada su sake saɓawa. A injin mai silinda huɗu ko shida a jere ana juya karanshaf tsirara, amma a mai siffar V dole a ɗaura masa nauye-nauyen da ke wakiltar fistin da kwanrod, shi ya sa a irinsa sauya nauyin fistin, ko da duka shidan an sauya su tare, yana taɓa daidaiton karanshaf ɗin kansa.

Inda wannan na'ura ba ta kusa, hanyar da ta fi aminci ita ce kada a raba abin da kamfani ya haɗa. Karanshaf da filawil da fuli su fito daga inji ɗaya, ko aƙalla daga lamba ɗaya da shekara ɗaya, lambar kuwa tana buge a jikin bulok ga mai son karantawa. Kwanrod a saye su huɗu daga ciki ɗaya. Karanshaf kuma kafin a ɗaura shi a roƙi masu yanka su ɗora masa agogon awo a tsakiya su juya shi, a ga ko ya lanƙwashe.

Saura maganar wa zai ɗauki asara, wadda ita ce kan kai mutane gaban shugabannin ƙungiyar kanikawa ko ofishin 'yan sanda. Ɗaliban da suka karanta Risala ta Ibn Abi Zaid a zaure sun san cewa mazhabar Malikiyya ta ɗora wa mai sana'a lamunin kayan da aka damƙa masa ya keɓe da su, sun kuma san haƙƙin mai saye na mayar da hajar da aka tarar da ɓoyayyen aibi a cikinta. Amma a gareji lamarin yakan cakuɗe, domin sau da yawa mai motar ne da kansa, don gudun a cuce shi, ya tafi Panteka ya zaɓo mafi araha, ko kuwa bakanike ya ce a sayi saiti shi ya ce a lallaɓa da ɗaya. A ganina alhakin bakanike a nan shi ne bayani kafin ɗauri, a gaban shaida in ya samu: "Maigida, wannan fistin ya fi sauran da kaza, in na ɗaura shi motarka za ta yi rawa." Ba zai iya faɗin haka ba sai yana da sikeli. Mai mota kuma ya sani cewa karkarwar da ya ce zai jure ba a kujerarsa take tsayawa ba: tana cin manyan metal, tana buɗe bakin sil ɗin bayan karanshaf baƙin mai ya riƙa ɗiga a kan kuloci, tana kwance notuna, tana tsaga kujerun inji da wuyan salansa, kuma ƙarfen da ake lanƙwasawa sau 50 a daƙiƙa yana gajiya ko da bai nuna ba. In aka lissafa kuɗin gaskit na biyu da baƙin mai na biyu da ladan saukewa na biyu, aka ga sun doshi kuɗin rabin inji na tokumbo, wato bulok da karanshaf da fistin da kwanrod ɗinsa a ɗaure yadda suka baro kamfani, to sayen rabin injin ya fi, da sharaɗin a karɓo shi tare da nasa filawil da nasa fuli, a kuma cire kwanon ƙasa a duba lambobin da ke kan murafan kwanrod kafin a biya, don a tabbatar wani bai riga ya buɗe shi ya yi nasa haɗin gambizar ba.